Tallafin IBR na TETFund: Me Zai Yi wa Mai Binciken Kishin Larabawa a Gusau da Birnin Kebbi?

Ƙaramin lakcara a sashen Tarihi ko Larabci ko Kimiyyar Siyasa, a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Birnin Kebbi, ko a kwalejin ilimi ta Maru ko ta Adamu Augie da ke Argungu, idan ya ɗaura niyyar bincike kan kishin Larabawa, wato aƙidar cewa Larabawa al'umma ɗaya ce da ya kamata ta haɗe, da tarihinsa, tallafin da ya fi kusa da hannunsa shi ne IBR na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, wato kuɗin binciken da asusun ke ware wa makarantun gwamnati domin malamansu. Hukuncinmu a kansa tun daga farko shi ne a nema, ya cancanci wahalar cike takardu, amma kada a ɗauke shi kuɗin jirgin Alƙahira. Wanda ya gina aikinsa a kan abin da ke Kaduna da Sakkwato da kuma bakin dattawan garinsu zai ci moriyarsa. Wanda ya gina a kan ɗakunan karatun Bairut da Dimashƙa zai tsaya rabin hanya, ga rahoto ana jira, ga aljihu ya bushe.

Asusun a siffarsa ta yanzu ya samo asali daga dokar 2011, kuma kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni yake fitowa. Jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi mallakar gwamnatin tarayya ko ta jiha kawai yake ɗauka. Ma'ana, malamin makaranta mai zaman kanta ba ya ciki, haka ma wanda ya gama digirin dakta yana zaune bai samu aiki ba, ko ɗalibin da ba ma'aikaci ba ne. Wannan shi ne babban giɓin tsarin ga masu tasowa, domin da yawa daga cikin waɗanda suka fi ƙwarewa a Larabci a Zamfara da Kebbi suna koyarwa ne a islamiyyoyi da makarantun sakandare. Hanyar da ta rage musu ita ce su shiga tawagar wani lakcara a matsayin mataimakan bincike, kuma su tabbata an rubuta sunansu da aikinsu da haƙƙinsu a cikin furofozal tun kafin a miƙa. Alkawarin baki a kan wannan ba ya daɗewa.

Iyakar kuɗin da aka daɗe ana aiki da ita naira miliyan 2 ce ga aiki guda, na tsawon shekara guda, ana sakin kashi 60 da farko, kashi 40 bayan an kai rahoto da lissafin abin da aka kashe. A duba sanarwar da makaranta ta fitar a shekarar da za a nema, domin ƙa'idojin kan samu gyara. To amma a yi lissafi. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin hukuma, miliyan 2 ta haura dala 4,000. Da dala ta kai 1,500 a 2024, kuɗin ya koma kamar dala 1,300. Abin da zai shigo hannu da farko kuwa miliyan 1.2 ne, wato dala 800 a wannan farashin. Tikiti da biza da masauki na wata guda a Masar sun cinye wannan tun ba a buɗe fayil ko ɗaya ba. Ko da kuɗin ya isa, shiga ma'ajiyar takardun gwamnatin Masar, Darul Wasa'iƙ, sai da izinin jami'an tsaro, abin da kan ɗauki watanni. Ta Khartum kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa ba a ma maganarta.

Matakan nema ba su da sarƙaƙiya a takarda. Sashen kula da bincike na makaranta ko jami'in TETFund na makarantar zai fitar da sanarwa. Mai nema ya cike fom ɗin asusun, ya haɗa da furofozal da kasafi da jadawalin aiki da tarihin karatunsa. Kwamitin bincike na makaranta ya tace, shugaban makaranta ya tura waɗanda suka tsallake zuwa Abuja, a can a sake dubawa. In an amince, kuɗin yana shiga asusun makaranta tukuna, daga nan ya iso ga mai bincike. Tsakanin waɗannan matakai akwai jira, saboda haka kada a rubuta jadawali da sunayen watanni. A rubuta wata na 1, wata na 2, har zuwa na 12, a fara ƙirge daga ranar da kuɗi ya shigo. Wanda ya rubuta Maris zuwa Fabrairu, kuɗi ya zo masa a Agusta, ya jawo wa kansa wasiƙun neman ƙarin lokaci.

Inda aka fi faɗuwa shi ne matakin kwamitin makaranta, kuma galibi ba don batun ba shi da kyau ba. A kwamitin akwai masanin noma da na sinadarai da na lissafi, kuma tambayar da za ta fara zuwa musu ita ce: me ya haɗa Najeriya da kishin Larabawa? Furofozal mai taken tasirin kishin Larabawa a Gabas ta Tsakiya ba shi da amsar wannan tambaya, ga shi ya yi faɗin da ko farfesa mai shekara talatin a fagen ba zai gama shi a wata 12 ba. Akwai kuma kuskuren da ke nuna mai nema bai yi karatun share fage ba, wato cakuɗa kishin Larabawa da kiran haɗin kan Musulmi. Abubuwa biyu ne, har sun yi zaman doya da manja. Saɗi'ul Husari, babban masanin kishin Larabawa, ya gina ra'ayinsa na al'umma a kan harshe da tarihi, ba a kan addini ba. Mishel Aflaƙ, wanda da shi da Salahuddin Biɗar suka jagoranci taron kafa jam'iyyar Ba'as mai kishin Larabawa a Dimashƙa a Afrilun 1947, Kirista ne. Gwamnatin shugaban Masar Jamal Abdul Nasir, gwarzon kishin Larabawa, ce ta rataye Sayyid Ƙuɗub, jigon 'Yan'uwa Musulmi, a 1966. Rabiɗa kuma, ƙungiyar Musulmi ta duniya da aka kafa a Makka a 1962, tana cikin martanin Saudiyya ga guguwar Nasir. Furofozal ɗin da ya jera waɗannan a layi guda kamar 'yan gida ɗaya, duk mai dubawa da ya san fagen zai ajiye shi a shafi na biyu.

Daga wannan bambancin ne ma batun da ya dace da mu yake fitowa. Nasir ya ce Masar tana tsakiyar da'ira uku: ta Larabawa, ta Afirka, da ta Musulunci. Arewacin Najeriya ba ya cikin ta farko, amma yana cikin biyun ƙarshe, kuma ta nan saƙon ya riƙa shigowa: ta gidan rediyon Alƙahira da ya buɗe sashen Hausa, ta guraben karatu na Azhar, ta hanyar hajji da ke ratsa Sudan. Sardauna Ahmadu Bello ya ƙi tallafin Isra'ila ga Arewa, ya zama mataimakin shugaban Rabiɗa. Sheikh Abubakar Gumi, ɗan Gummi ta nan Zamfara, ya yi karatu a Bakhtur Ruda ta Sudan, ya yi aikin kula da alhazai a Jidda, kafin ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Matuƙan jirgin Masar sun yi wa gwamnatin tarayya aiki a yaƙin basasa. Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ba ta maido ba sai 1992. Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991 an sha raɗa wa jarirai suna Saddam a garuruwanmu, kuma wannan kansa abin tambaya ne: jam'iyyarsa ta Ba'as aka so, ko mutumin da ya tsaya wa Amurka? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa furofozal guda.

Ga irin taken da ke tafiya da miliyan 2. Yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen suka ba da labarin rikicin Suwes, daga 26 ga Yulin 1956 da Nasir ya ƙwace kamfanin mashigin zuwa janyewar sojojin Ingila da Faransa a Disamba. Wata biyar ne kacal, jaridu biyu, ana iya karanta kowane bugu a ƙirga. Ko kuma: ɗaliban tsohon Lardin Sakkwato da suka yi karatu a Alƙahira da Bagadaza da Dimashƙa da Turabulus tsakanin 1960 da 1990, me suka tarar, me suka ɗauko, me suka bari a can? Wannan na biyun ya fi gaggawa, domin masu ba da labarin dattawa ne a Gusau da Ƙaura da Gummi da Jega da Argungu da Yawuri, kuma kowace shekara ana rasa wasu. A nan IBR ya fi kowane tallafin waje amfani. Baturen da ke da dala dubu ashirin ba zai samu shiga zauren da ɗan gari zai shiga da sallama kawai ba.

Kasafi shi ne wuri na biyu da ake tuntuɓe. Shawararmu ita ce a tsara duk aikin fita ya ƙare cikin kashi 60 na farko, a bar rubutu da gyara da bugawa ga kashi 40, domin kaso na biyu ba ya zuwa sai an nuna abin da aka yi da na farko. Wanda ya ajiye tafiyar Kaduna ga kaso na biyu ya ɗaure kansa: ba rahoto sai da tafiya, ba tafiya sai da rahoto. A cikin miliyan 1.2, kusan rabi ya tafi ga kwana 15 zuwa 20 na aiki a Kaduna da mako guda a Sakkwato. Kamar kashi ɗaya cikin huɗu ga hirarraki 15 zuwa 20, da kuɗin mota da na mataimaki. Sauran ga kwafe hira a rubuce, da data, da ma'ajiyar bayanai guda biyu, da batirin ajiyar caji. Mutane kan raina kwafe hira. Awa guda ta magana tana cin awa biyar zuwa shida a rubuce, kuma ta fi haka idan dattijon yana sauya harshe tsakanin Hausa da Larabci yana jawo baitoci. Hira 20 ta awa ɗaya da rabi aikin awa 150 ne ko fiye. Kuɗin kwana da na mota a lissafa su bisa ma'aunin gwamnati na matakin albashin mai nema, ba bisa son rai ba. Sayen kwamfuta da firinta da janareta kuwa, masu dubawa kan ɗauke shi alamar ana son gyara ofis ne da sunan bincike. Kuma kowane layi ya zama an fasa shi: kwana nawa, mutum nawa, nawa a rana. Layin da aka rubuta sauran buƙatu aka ɗora masa dubu ɗari uku shi ake fara yankewa.

Maganar hanya ba a ɓoye ta a furofozal. Mai fitowa daga Gusau zai bi Tsafe da Funtuwa da Zariya, kuma kowa ya san tafiyar rana ake yi, saboda haka a ƙirga kwana guda na zuwa da guda na dawowa a matsayin ranakun da ba aiki. Hirar da za a yi a ƙauyen da hanyarsa ba ta da tabbas, a nemi a yi ta ranar da dattijon ya shigo gari, ko ta waya da izininsa. Mutanen Zamfara ba su manta da rufe layukan sadarwa na Satumbar 2021 ba, don haka kada a dogara da ajiyar intanet kaɗai. Kwafi biyu a hannu, ɗaya a gida ɗaya a ofis.

A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, a je da wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe da katin shaidar aiki, a kuma tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da kuɗinta tun ranar farko. Fayilolin Lardin Sakkwato suna ƙarƙashin SOKPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. Kada a ɓata kwana ana neman kanun da aka rubuta kishin Larabawa. Jami'an mulkin mallaka ba da wannan idon suke kallon abin ba. A bi kanun aikin hajji, da Mahadiyya, da farfagandar ƙasashen waje, da ɗaliban da ke karatu a ƙetare, da rahotannin leƙen asiri na larduna. Wani fayil yana cikin kundin jeri amma ba a same shi a kanta ba, wani kuma ya ruɓe, shi ya sa ake shiga da jerin da ya ninka abin da ake buƙata. Kafin a ɗauki hoton shafi ko ɗaya, a ɗauki bangon fayil da lambarsa. Hotuna dubu uku marasa lamba a waya tarin shara ne, domin ba a iya kafa hujja da takardar da ba a san gidanta ba. Gidan Arewa yana nan cikin Kaduna don jaridu da takardun zamanin Firimiya, a Sakkwato kuma akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu.

Ɓangaren Larabawa na labarin, wanda kuɗin ba zai kai mutum wurinsa ba, intanet ta rage masa nisa. Ɗakin karatu na Iskandariyya ya zuba jawaban Nasir da hotuna da takardu a shafi na musamman, kyauta. Taskar Sharikh tana da tsofaffin mujallun adabi da tunani na Larabawa shafi bayan shafi. Takardun hulɗar wajen Amurka da aka saki, da na CIA, su ma ana karanta su kyauta, kuma akwai abin da suka faɗa kan Masar da Afirka. A rubuta waɗannan da sunansu a sashen hanyoyin bincike. Mai dubawa yana son ya ga mai nema ya riga ya leƙa.

Hira da dattijo tana da nata ladabi. Ba a zuwa wa Malam da takardar tambayoyi ashirin a zaman farko. A gaisa, a bayyana aikin, a nemi izinin naɗar murya a kuma naɗi izinin kansa. A fara da tafiyar: wace shekara, ta wace hanya, wa ya biya, ina aka sauka. Siyasa za ta fito da kanta a zama na biyu. A tambayi ko akwai fasfo ko shahada ko wasiƙu ko mujallun da aka dawo da su, domin wani lokaci abin da ke cikin adakar Malam babu shi a Kaduna. In ya ce a sakaya sunansa, a sakaya. Kada kuma a manta da matan da suka bi mazajensu ko suka yi karatun da kansu, kuma a nan mataimakiyar bincike ta fi mataimaki.

Sai rufe lissafi, inda mutanen kirki da yawa ke maƙalewa. Direban tasha ba ya ba da rasit, mai abinci ma haka. A tambayi ofishin kuɗi da odita na makaranta, tun kafin a kashe ko sisi, wace takarda suke karɓa a madadin rasit, a riƙa cike ta a ranar. A buɗe littafi guda na kashe kuɗi, a biya mataimaka ta banki. Rashin rufe lissafin mutum ɗaya kan iya jawo wa abokan aikinsa jinkiri a zagaye na gaba, kuma ba abin da ke ɓata sunan ƙaramin lakcara a makaranta kamar wannan.

Ana kuma sa ran aikin ya fito a mujallar ilimi, kuma a nan tsarin ya fi dacewa da masu ɗakin gwaji fiye da masu tarihi. Mujallar kirki a wannan fage, irin su Islamic Africa ko Journal of African History, kan ɗauki watanni kafin ta amsa, sannan gyara, sannan layi. Matsin lokacin shi ke tura mutane ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako biyu ba tare da kowa ya karanta ba. Wannan asara ce biyu, ta kuɗi da ta aikin, domin maƙalar da ta fita a irin wannan wuri ba ta ƙara wa mai ita daraja wurin masu ba da tallafin waje. A fara rubutu tun wata na 6, a tura a wata na 9, a riƙe wasiƙar da ke nuna an karɓa ana dubawa. Mai Larabci mai ƙarfi yana da wata ƙofar: mujallar Usɗur ta tarihi da Cibiyar Larabawa ta Bincike da Nazarin Siyasa ke fitarwa a Doha, da Almustaƙbalul Arabi ta Cibiyar Nazarin Haɗin Kan Larabawa da ke Bairut, wadda aka kafa a 1975. Labarin yadda Hausawa suka ji Nasir baƙo ne a wurin masu karanta su.

Idan aka kwatanta IBR da sauran ƙofofi, matsayinsa na fitowa sarai. NRF, babban tallafin TETFund, yana da rukunin fannonin ɗan'adam da zamantakewa, kuɗinsa kuma ya kai miliyoyi gommai, amma gasa ce ta ƙasa baki ɗaya, da taƙaitaccen bayani da cikakken furofozal da kariya a gaban kwamiti, kuma babban malami ne ke jan tawaga. Mai tasowa ya shiga a matsayin mamba. Majalisar Larabawa ta Kimiyyar Zamantakewa da ke Bairut tana tallafa wa masu tasowa, amma 'yan ƙasashen Larabawa take nufi, don haka a karanta sharaɗin cancanta kafin a ɓata mako. CODESRIA, majalisar bunƙasa binciken kimiyyar zamantakewa da ke Dakar, tamu ce, ta 'yan Afirka. Gidauniyar Gerda Henkel ta Jamus tana ɗaukar aikin tarihi, shirin Georg Forster na gidauniyar Humboldt kuma yana ba wanda bai wuce shekara huɗu da gama dakta ba zaman wata 6 zuwa 24 a Jamus, inda cibiyar ZMO ta Balin ke aiki a kan irin wannan alaƙa ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Dukkansu za su tambayi abin da mutum ya buga da kuma hujjar cewa kayan binciken suna nan. Maƙala guda mai kyau da jerin fayilolin Kaduna da hirarraki 20 a rubuce su ne amsar.

Wanda ya tarar da tarin wasiƙu da mujallu a gidan wani malami a Gwandu ko Gummi, gara na cinsu, wannan ba aikin IBR ba ne. Shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatun Birtaniya shi ke biyan kuɗin ɗaukar hotonsu da jera su, asalin takardun kuma suna zama a hannun masu su. Sharaɗinsa shi ne a saka hotunan a intanet kowa ya gani, saboda haka sai an zauna da magada an yi musu bayanin wannan dalla-dalla, an samu yardarsu a rubuce, kafin a cike fom.